Kwali, Farin Yadi da Ƙwan Fitila: Yadda Masu Haɗa Sarƙa a Gida Ke Gyara Hasken Hotunansu

Duk mai leƙa shafukan masu sayar da kayan kwalliyar mata a WhatsApp da Instagram ya saba ganin irin wannan hoton: sarƙa shimfiɗe a kan zanen gado mai furanni, an haska mata filasha, tsakiyarta ta yi fari fat, gefenta ya dushe, inuwar hannun mai ɗauka kuma ta rufe rabin 'yan kunnen. Mai yiwuwa kwana uku aka yi ana zura duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Hoton da aka ɗauka cikin daƙiƙa biyu ya mayar da aikin tamkar kayan da ake tallarsu a tire a bakin tasha.

Abin da ke fara zuwa zuciyar mai kayan shi ne wayarta ce ba ta da kyau. Sai a shiga adashe, a tara kuɗi, a canja Tecno ko Infinix da wadda ta fi ta tsada, a dawo ɗaki ɗaya, a ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya, a sake samun kusan hoto ɗaya. Kyamarar waya ba ta ƙirƙirar haske. Wanda ta tarar shi take naɗa. Wannan ne ya sa wasu daga cikin masu haɗa sarƙa da awarwaro a gida suka tsinci kansu cikin wani aikin hannu na biyu da ba su shirya masa ba, wato haɗa kayan hasken hoto da kwali, yadi da ƙananan fitilun LED.

Kowane abu da yadda yake karɓar haske

Haɗa sarƙa a gida ba ya buƙatar jari mai yawa. Filaya mai zagayayyen baki don lanƙwasa ƙarfe, wata mai yankawa, zare mai ƙarfi, maƙalai, da siririyar wayar ƙarfe: mai kaurin milimita 0.8 don ƙugiyar ɗan kunne, mai milimita 0.4 don naɗe duwatsu. Sauran kayan, daga duwatsun gilashi zuwa jigida da tsakiya, ana samunsu a wurare irin su Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ɗalibai na yi a lokacin hutu, matan aure na yi bayan sun kammala aikin gida. Wasu don nishaɗi kawai, wasu kuma har ta kai su ga karɓar aikin anko na biki guda.

Sana'ar tana da tsofaffin gidaje a wannan yanki. A Bida, masu aikin gilashi na unguwar Masaga suna narka kwalabe su fitar da duwatsun wuya da awarwaro, ga kuma maƙeran tagulla. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sanya garin cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. A Agadas, maƙeran Abzinawa suna ƙera shahararren abin wuyan azurfar nan mai kusurwa huɗu. Sukan siffata shi da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Bayan an fasa yumɓun sai guga da zane da hannu. An saba lissafa nau'i 21 na wannan abin wuya, kowanne da sunan gari, kamar Agadas, Ingal, Tawa, Bilma da Damagaram.

Ga mai ɗaukar hoto, waɗannan kayan ba ɗaya ba ne ko kusa. Dutsen gilashi haske ke ratsa shi. Murjani da tsakiya sha suke yi, su mayar da launi. Azurfa da gwal kuwa madubi ne. Fitilar da ta yi wa ɗaya kyau tana iya kashe ɗayan, kuma sarƙa guda kan haɗa duka ukun.

Girman fitila ya fi ƙarfinta

Ƙa'ida ta farko, wadda kusan komai ke rataye a kanta: idan wurin da haske ke fitowa ƙarami ne a kan abin da ake ɗauka, inuwa za ta yi kaifi, ƙyalli kuma ya taru wuri ɗaya. Idan yana da faɗi, inuwa ta yi laushi, ƙyallin ya bazu. Mazauna arewa ba sa buƙatar littafi kafin su gane wannan. Ranar bazara da tsakar rana, duk da ƙarfinta, ɗigo ce ƙarama a sararin sama, shi ya sa inuwar mutum ke fita baƙa ƙirin kamar an zana ta. Idan hazon hunturu ya sauka kuwa, sama gaba ɗaya ta zama fitila guda mai faɗi, inuwa ta kusa ɓacewa. Filashar waya ita ce ranar bazara. Abin da ake nema shi ne a ƙirƙiri hazo a kan tebur.

Kayan da kamfanoni ke sayar wa masu situdiyo don wannan aiki ba komai ba ne illa akwati mai farin yadi a gaba da fitila a ciki. A shekarar 2006, wani mai ɗaukar hoto na jaridar Baltimore Sun ta Amurka, David Hobby, ya buɗe shafin Strobist don koyar da sarrafa haske da kayan araha, kuma cikin darussansa da suka fi yaɗuwa akwai na mayar da kwali ƙaramin situdiyo a kan kuɗin da bai wuce dala 10 ba. Tsarin bai canja ba har yau, sai dai fitilun da suka sauƙaƙa.

Ana samun kwali mai kimanin santimita 40 ta kowane ɓangare. A kwantar da shi bakinsa na kallon mai ɗauka. A yanke taga babba a gefen dama, da hagu, da sama, a bar gefe-gefe kamar yatsa uku don kada ya rushe. A rufe tagogin da farin yadi marar kauri ko farar takarda mai shara-shara, a liƙe da salatif. Sai a ɗauko farar takardar kwali mai tsawo, a maƙala bakinta a saman bangon baya daga ciki, a bar ta ta sauko a lanƙwashe zuwa ƙasa ba tare da an karya ta ba. Wannan lanƙwasar ce ke ɓatar da kusurwa, kayan su fito kamar suna zaune a fili marar iyaka.

Fitilun a waje suke zama, suna haska yadin. Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure: su manna ƙwan a jikin yadi, sai ya haska ɗan zagaye kaɗai, an koma gidan jiya. A ja shi baya kamar taƙi ɗaya har hasken ya cika tagar baki ɗaya. Amma a san cewa nisa na cin haske da sauri: fitilar da aka matsar daga santimita 30 zuwa 60 ba rabin haskenta take rasawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isowa.

Kuma ba dole sai fitila uku ba. Hasali ma haske daidai wa daida ta kowane ɓangare yana baje hoto, ya rasa zurfi. Fitila ɗaya a gefe, da farar takarda a ɗaya gefen tana mayar da haske, ta fi fitar da siffar dutse. Wanda ke da taga mai kallon inda rana ba ta shigowa kai tsaye yana iya ajiye kwalin a gefenta da hantsi, ya yi aikinsa ba tare da ko fitila ɗaya ba.

Azurfa tana ɗaukar hoton mai ɗaukarta

A nan ne aikin ke da daɗi, a nan ne kuma yake da ciwon kai. Gogaggen ƙarfe ba shi da launin kansa a hoto. Abin da ke kewaye da shi yake nunawa. Haske na barin fuskarsa ne a daidai kusurwar da ya sauka, kamar madubi. Idan aka ga zoben azurfa ya fito baƙi a hoto, ba duhu ba ne, bayan wayar ne da rigar mai ɗauka suka bayyana a jikinsa. Idan ya fito da ɗigon ja, a duba, wataƙila labulen ɗakin ne.

Magani shi ne a rufe bakin kwalin da wata farar takarda, a huda rami daidai idon kyamara. Yanzu duk inda azurfar ta juya fari take gani.

Sai dai fari zalla ma yana da illarsa. Zoben da ya kewayu da fari ta ko'ina yakan fito kamar na roba, ba gefe, ba nauyi. Idon ɗan Adam yana gane ƙarfe ne ta wurin haɗuwar haske da duhu a jikinsa. Don haka ƙwararru kan yanko siririyar baƙar takarda, faɗin yatsa biyu, su tsayar da ita a cikin kwalin, suna matsar da ita kaɗan-kaɗan suna kallon allon waya, har sai wani baƙin layi ya kwanta a gefen zoben ya fitar da zagayensa. Aiki ne na haƙuri. Motsin santimita ɗaya kan canja hoton gaba ɗaya, kuma babu wata manhaja da ke yin wannan a madadin hannu.

Abin wuya irin na Agadas, mai zane a fuska, yana da tasa buƙatar. Idan haske ya zo masa daga gaba, zanen ya ɓace. Sai an kwantar da fitila ƙasa-ƙasa daga gefe, yadda hasken zai shafi fuskar ƙarfen, kowane tsagi ya samu 'yar inuwarsa. Awannin da maƙeri ya ɓata yana zane a wannan inuwar suke bayyana. Duwatsun gilashi irin na Bida kuwa daga baya ko daga ƙasa suke son haske, don ya ratsa su launinsu ya kama. Akan ɗora su a kan gilashin tebur, a shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, a haska ta.

Launi: inda amana take shiga

Hoto marar kyau yana hana ciniki. Hoton da ya canja launin kaya ya fi wannan muni, domin ciniki zai faɗa, kaya su yi tafiya daga Kano zuwa Abuja ko Yamai, amarya ta buɗe ta tarar da sarƙar da ta zaɓa don ta dace da leshinta ba launin da ta gani ba ce. Kuɗin mota ya tafi, biki ya matso, kuma a rukunin WhatsApp na ƙawaye labarin ba ya kwana.

Lambobi biyu ne a jikin kwalin ƙwan fitila ke hukunta wannan. Ta farko ita ce mai harafin K a ƙarshe. Ƙwai mai 2700K ja-ja ne kamar tsohon ƙwan lantarki. Mai 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, shi ne ya cika kasuwa. Hasken rana da tsaka yana wajen 5500K. Kowanne aka zaɓa kyamara na iya daidaita shi, muddin iri ɗaya ne. Abin da ba ta iyawa shi ne gauraye: ƙwai ja a dama, fari a hagu, ga hasken taga na shigowa ta baya. A irin wannan hali rabin azurfa zai koma gwal. Shi ya sa ake kashe fitilar ɗaki a saki labule kafin a fara.

Lamba ta biyu ita ce CRI, wadda ke auna yadda fitila ke fitar da launuka da gaskiyarsu, daga ƙasa zuwa 100. Farin LED a asalinsa shuɗi ne. Ƙwayar da ke ciki shuɗin haske take fitarwa, sai a shafa mata wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwarsu ta ba ido fari. Ƙirƙiro wannan shuɗin LED ne ya ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Amma farin da aka samu ta wannan hanya yana da ƙarancin ja mai zurfi, musamman a ƙwayayen araha masu CRI 70 zuwa 80. Launin da babu shi a cikin haske kuwa ba zai fito a jikin kaya ba. Murjani a ƙarƙashin irin wannan fitila yakan koma ruwan ƙasa, gwal ya yi fari-fari, fatar hannun da ke sanye da awarwaro ta yi toka-toka.

Akwai wani ɗan tarko a nan. Lambar CRI da ake bugawa matsakaicin launuka takwas ne marasa kauri, kuma ja mai kauri ba ya cikinsu. Shi ana auna shi daban da sunan R9. Ƙwai na iya cin 80 alhali jansa ya kusa zama babu. Mai aiki da murjani da jan dutse ya nemi CRI 90 zuwa sama. Idan ba a rubuta komai a kwalin ba, a mafi yawan lokuta babu abin alfahari ne da za a rubuta. Araha dai ba ta ado. Gwaji mafi sauƙi shi ne a tafi shago da jan dutse guda a aljihu, a sa a kunna ƙwan, a kwatanta da yadda yake a hasken waje.

Wutar NEPA, janareta da fawa bank

Wasu kan ga layuka baƙaƙe suna ratsa hotonsu, su ɗauka kyamara ce ta lalace. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan LED marar inganci kuma yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa tare da ita. Ido ba ya gani, amma kyamarar waya, da ke karanta hoto layi bayan layi, tana kamawa. A sashen Pro na kyamara, idan aka saita saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100, layukan kan ɓace. A kan ƙaramin janareta kuwa, da juyawarsa ke hawa da sauka, ko wannan ba ya yin aiki kullum.

Hanyar da ta fi dacewa da halin wuta a nan ita ce igiyar fitilun LED mai bakin USB, wadda ke aiki da bolt 5 daga fawa bank. Wutar batir ba ta juyawa, don haka babu ƙiftawa, sai dai idan an haɗa da na'urar rage haske, domin yawancinsu kashewa da kunnawa suke yi da sauri. Fawa bank mai 10,000mAh yana ɗauke da kimanin wat-awa 37. Bayan asarar da ake yi wajen juya wutar, zai riƙe igiya mai cin wat 5 na wajen awa biyar zuwa shida. Ana manna igiyar a cikin murfin kwali da aka shimfiɗa wa takardar alminiyam, a rufe gaba da yadi, an samu fitila mai faɗi da ba ruwanta da ɗaukewar wuta.

Tana kuma kawar da haɗari biyu. Tsohon ƙwan lantarki yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zuwa zafi. Ajiye shi kusa da kwali da yadi neman gobara ne. Sannan haɗa wayoyin wutar gida mai bolt 230 da salatif, a ɗakin da yara ke rarrafe, ba abin da za a yi wa kwaskwarima ba ne. Bolt 5 ba ya jan mutum.

Masu ƙwaƙwa sun gano wata ma'adana a wurin masu gyaran kwamfuta da talabijin. A bayan kowane allon LCD akwai fararen ledoji da aka ƙera musamman don baza haske daidai, kuma idan allo ya fashe yawanci su ba abin da ke samunsu. Sun fi yadi aiki nesa ba kusa ba. Sai dai a bar mai gyara ya ciro su da kansa: tsofaffin alluna suna da siraran fitilu masu sinadarin makuri a ciki, kuma allon wutar talabijin kan riƙe caji bayan an zare shi daga soket.

Wani gargaɗi ga mai yin sana'o'in biyu a tebur ɗaya: dalmar da ake liƙa wayoyin lantarki da ita, irin ta masu gyaran rediyo, yawanci kashi 40 cikin 100 nata gubar dalma ce zalla. Ba ta da wuri a jikin abin da za a sa a kunne ko a wuya, balle abin da jariri zai iya kaiwa baki.

Abin da ya rage ga wayar

Bayan haske ya daidaita, aikin waya kaɗan ne. A goge idon kyamara, domin maiƙon yatsa shi ke sa ƙyalli ya yi hayaƙi. A kashe filasha, a kashe duk wani saitin ƙawata hoto, saboda ƙara wa launi kauri yake yi ba tare da neman izini ba. A jingina wayar a kan littattafai ko a kafa ta a maƙali, a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta. Maimakon a kusanto da ita har ta kusa taɓa kayan, wanda ke kumbura na gaba ya ƙanƙance na baya, gara a ja baya kamar santimita 30 a zuƙo sau biyu. Ƙaramar kyamarar kusa mai megafiksel 2 da ake sa wa wayoyi masu sauƙin kuɗi ba ta kai babbar kyamarar ba ko da an yanke hoton.

Farin bango kan ruɗi kyamara ta rage haske, takardar ta fito toka-toka. A danna kan kayan, a ja alamar rana sama kaɗan. A manhaja irin Snapseed ana iya nuna wa waya farar takardar a ce mata wannan ne fari, ta gyara sauran launukan a kansa. Gyaran ya tsaya nan. Ana gamawa a ɗora wayar kusa da sarƙar a hasken taga a kwatanta. Idan na allo ya fi na tebur kyau, an wuce gona da iri.

WhatsApp na matse hoto kafin ya aika. Tun watan Agustan 2023 akwai maɓallin HD, kuma ga mai saye da ke son ganin ƙananan zane, aika hoton a matsayin fayil yana kai shi yadda yake.

Akwai abubuwan da kwalin ba ya iyawa. Dutse mai fuskoki da yawa, irin mai walƙiya, yakan mutu a cikin haske mai laushi. Sai an ƙara masa ƙaramar tocila daga nesa, ba yadi a gabanta, kafin ya yi tartsatsi. Farin bango kuma ba ya nuna girma: ɗan kunne mai tsawon santimita 2 da mai santimita 6 duk cika allo suke yi, don haka ana buƙatar hoto na biyu a kunne, ko a tafin hannu, ko kusa da rula. Kuma babu hasken da zai bambance azurfa mai lamba 925, wadda kashi 92.5 cikin 100 nata azurfa ce, da ƙarfen da aka yi wa wanka, ko ya nuna cewa ƙugiyar ɗan kunne na ɗauke da nikel, ƙarfen da ke sa wa mata da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje, har Tarayyar Turai ta kafa masa doka tun 1994. Wannan bayani a rubutun da ke ƙarƙashin hoton ake sa shi, tare da tsawon sarƙar da irin zaren da aka zura ta da shi.